Francis Bebey: Makaɗin jita ɗan Kamaru da ya bar kujerar UNESCO ya yi wa fina-finan Afirka kiɗa

A ranar 28 ga watan Mayu na shekarar 2001 Francis Bebey ya rasu a birnin Paris na ƙasar Faransa, yana da shekara 71 a duniya. Da wuya a jingina masa sana'a guda a ce ita ce tasa, domin ya yi aikin jarida a rediyo, ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai, ya yi bincike kan kiɗan gargajiyar Afirka, ya riƙe muƙami a wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan ya zagaya ƙasashe da jitarsa yana wasa shi kaɗai a gaban jama'a. Akwai kuma wani ɓangare na aikinsa da ba a cika ambato ba idan ana lissafa abin da ya bari, wato kiɗan da ya tsara wa fina-finai. Cikin waɗannan fina-finai har da Yaaba na ƙasar Burkina Faso, wanda ya shiga sahun fina-finan Afirka da suka fi samun karɓuwa a duniya.

Ga mutanen Jihar Taraba, labarin Bebey labarin maƙwabci ne. Jihar tana da doguwar iyaka da Kamaru, kuma yankunan Gashaka da Kurmi da tsaunin Mambila suna cikin ƙasar da ake kira Arewacin Kamaru ƙarƙashin riƙon Ingila, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta ranar 11 ga Fabrairu 1961 da ta haɗe su da Najeriya. Mai sauraro a unguwar Turaki ta Jalingo ko a garin Gembu ba baƙo ba ne ga kiɗan makosa. Wannan kiɗa daga Duwala ya fito, garin da aka haifi Bebey.

Ɗan fasto a bakin kogin Wouri

An haifi Francis Bebey a ranar 15 ga Yuli 1929 a Duwala, babbar tashar jiragen ruwan Kamaru da ke bakin kogin Wouri. A lokacin garin yana hannun Faransa, wadda ta karɓi mafi yawan ƙasar bayan an kori Jamusawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifinsa fasto ne a majami'ar Furotesta, gidansu kuma gidan talakawa ne mai 'ya'ya da yawa, inda ilimi da waƙoƙin ibada suka fi dukiya yawa.

A majami'a yaron ya fara buɗe kunne. Ya tashi yana rera waƙoƙin addini da Turawan mishan suka kawo, ya saba da kiɗan Bach da Handel tun bai san inda ƙasashensu suke ba. A wancan zamani makarantun mishan da dama suna kallon ganguna da kayan kiɗan gida a matsayin ragowar maguzanci, abin da ɗan makaranta mai tarbiyya ya kamata ya nisanta. Sai dai akwai wani dattijo maƙwabcinsu da ke kaɗa kayan kiɗan gargajiya, kuma a wajensa Bebey ya fara jin irin sautin da makaranta ta hana. Waɗannan kunnuwa biyu, na majami'a da na unguwa, su ya ɗauka ya yi ta ƙoƙarin sasantawa har ƙarshen rayuwarsa.

Banjo ya fara riƙewa kafin ya koma jita yana saurayi. Yayansa Marcel, wanda ya girme shi sosai, ya taka rawa babba wajen tarbiyyarsa da karatunsa. A farkon shekarun 1950 Francis ya tafi Faransa neman ilimi, ya yi karatun Turancin Ingilishi a Jami'ar Sorbonne da ke Paris. A cikin ɗaliban Kamaru da ke Faransa ya haɗu da wani yaro ɗan Duwala mai suna Manu Dibango, wanda ya girma da shekara huɗu. Bebey ne ya fara nuna masa hanyoyin kiɗan jaz, suka kuma yi wasa tare a wata ƙaramar ƙungiya. Dibango shi ne wanda ya fitar da Soul Makossa a 1972, waƙar da ta kai sunan makosa har Amurka.

Daga makirufo zuwa UNESCO

Bebey bai ɗauki kiɗa a matsayin hanyar cin abinci ba a farkon lamari. Aikin rediyo ya koya, a makarantar horar da ma'aikata ta hukumar da Faransa ta kafa domin gidajen rediyon ƙasashen da take mulka, ya kuma ƙara karatu a Jami'ar New York da ke Amurka. Ya yi aiki a gidan rediyon Gana a farkon shekarun 'yancin ƙasar, zamanin Kwame Nkrumah, lokacin da Akara ta zama matattarar 'yan boko da 'yan gwagwarmaya daga sassan nahiyar. A 1963 ya wallafa littafi kan halin da watsa shirye-shiryen rediyo ke ciki a Afirka kudu da Sahara, mai suna La Radiodiffusion en Afrique noire.

A 1961 ya kama aiki da UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a hedikwatarta da ke Paris. Ya fara a sashen yaɗa labarai, daga baya ya zama mai kula da shirin hukumar na kiɗa. Aikin ya ba shi damar tafiye-tafiye da sauraron kaɗe-kaɗen al'ummomi daban-daban, ya kuma ba shi albashi mai kyau da matsayin da kowane ɗan Afirka mai karatu a wancan lokaci zai yi fatan samu.

Duk da haka jitar ba ta bar hannunsa ba. Salon Andrés Segovia, shahararren makaɗin jita na ƙasar Sifaniya, ya yi masa tasiri ƙwarai, domin Segovia ya nuna cewa jita guda, ba tare da murya ko ganga ba, tana iya riƙe zauren da ya cika da mutane. Bebey ya ɗauki wannan dabara ya zuba mata jini na gida. Yakan kaɗa tsirkiya da yatsu, a lokaci guda yana bugun jikin jitar kamar ganga, har mai sauraro ya zaci mutum biyu ne ke wasa. A shekarun 1960 ya fara fitar da faya-fayan jita zalla, ciki har da Concert pour un vieux masque.

Abin da ya sami yayansa

Kamaru ta sami 'yancin kai a ranar 1 ga Janairu 1960 ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, ɗan asalin Garwa. Marcel Bebey Eyidi, yayan Francis, likita ne kuma ɗan siyasa, shi ne ya kafa jaridar L'Opinion au Cameroun. A 1962 shi da wasu jagororin adawa uku, André-Marie Mbida da Charles Okala da Théodore Mayi Matip, suka sa hannu a wata takarda da ta ƙi amincewa da shirin mayar da ƙasar ƙarƙashin jam'iyya ɗaya. An kama su huɗun, aka yanke musu hukuncin ɗauri. Marcel ya rasu a 1966, shekarar da tsarin jam'iyya ɗaya ya tabbata a Kamaru.

Francis ya ci gaba da zama a Paris har mutuwarsa. 'Yarsa Kidi Bebey, wadda marubuciya ce kuma 'yar jarida, ta wallafa littafi a 2016 mai suna Mon royaume pour une guitare, inda ta bi sawun iyayenta da suka je Faransa da niyyar su yi karatu su koma gida, amma komawar ta yi ta ja da baya. Wanda ya san wannan tarihi zai fahimci dalilin da ya sa rahar da ta cika waƙoƙin Bebey da littattafansa take ɗauke da wani nauyi a ƙarƙashinta. Ya zaɓi ya faɗi gaskiya cikin wasa, kamar yadda maroƙi mai hikima kan yi a gaban sarki.

Alƙalami

A 1967 kamfanin ɗab'i na CLE da ke Yawunde ya fitar da littafinsa na farko na ƙagaggen labari, Le Fils d'Agatha Moudio, wato ɗan Agatha Moudio. Labarin wani masunci ne mai suna Mbenda a wani ƙauye kusa da Duwala, wanda wasiyyar mahaifinsa ta ɗaure shi da auren wata yarinya mai suna Fanny, alhali zuciyarsa tana wajen Agatha, wadda ƙauyen ke yi wa kallon marar kamun kai. Ya auri su biyun, sai kuma ya wayi gari da 'ya'yan da ba shi ya haifa ba, ɗayansu ma farar fata. Bebey bai yanke wa kowa hukunci ba a littafin. Ya bar mai karatu ya ga yadda al'ada da zamani da mulkin Turawa suka haɗu a ɗaki guda, da yadda al'umma ke karɓar yaro ko daga ina ya fito. Littafin ya ci babbar lambar adabi ta Grand prix littéraire d'Afrique noire a 1968, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann.

Wasu littattafan sun biyo baya. La Poupée Ashanti na 1973 ya kai mai karatu cikin matan kasuwar Akara da ƙarfinsu a siyasa. Le Roi Albert d'Effidi ya fito a 1976, Le Ministre et le griot a 1992, sai L'Enfant-pluie a 1994.

Littafin da ya fi tasiri ga masu nazarin kiɗa shi ne Musique de l'Afrique na 1969, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1975 da sunan African Music: A People's Art. A cikinsa Bebey ya yi bayanin cewa kiɗa a Afirka yana tafiya tare da rayuwa, da haihuwa da noma da farauta da sarauta da mutuwa, don haka wanda ya cire shi daga muhallinsa ya auna shi da ma'aunin zauren kiɗa na Turai ba zai gane shi ba. Ya yi magana kan alaƙar harshe da kiɗa, da yadda ganga ke kwaikwayon hawa da saukar murya, abin da duk wanda ya taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum ya sani tun kafin a rubuta shi. Ya kuma yi dogon bayani kan matsayin maroƙa da mawaƙan fada a Afirka ta Yamma.

Murabus da situdiyon cikin gida

A 1974, yana da shekara 45, da iyali a wuyansa, Bebey ya ajiye aikin UNESCO domin ya ba kiɗa dukkan lokacinsa. Mataki ne mai haɗari. Ya bar albashi tabbatacce da fansho ya shiga sana'ar da ba ta da ranar biya, a lokacin da manyan kamfanonin faya-fayai na Turai ba su san inda za su ajiye irin kiɗansa ba.

Maganin da ya samo shi ne ya zama kamfanin kansa. Ya kafa situdiyo a cikin gidansa na Paris, ya kuma buɗe tambarin faya-fayai mai suna Ozileka. Ya sayi na'urorin haɗa sauti na lantarki da na'urar da ke kwaikwayon bugun ganga, ya koyi ɗaukar sauti bisa sauti, ta yadda shi kaɗai zai kaɗa jita, ya dawo ya ɗora fiyano, ya sake dawowa ya ɗora murya. Yana cikin 'yan Afirka na farko da suka yi amfani da waɗannan na'urori sosai. A wannan zango ya fitar da waƙoƙin raha da suka yi farin jini a ƙasashen da ke magana da Faransanci, irin su Agatha da La Condition masculine, wadda a cikinta wani magidanci ke kukan cewa matarsa ta ji labarin 'yancin mata ta daina yi masa biyayya. Mai sauraro yana dariya, sai daga baya ya lura cewa mijin ake yi wa ba'a.

A farkon shekarun 1980 ya juya ga kayan kiɗa biyu na gargajiya. Na farko ita ce sanza, ƙaramin akwatin katako mai siraran ƙarafa da ake dannawa da manyan yatsu. Na biyu kuma wata 'yar sarewa ce da ake kira n'dehou, ta al'ummomin kurmin tsakiyar Afirka, wadda sauti ɗaya tak take fitarwa. Gwanintar tana wajen mai busa, wanda zai busa sautin sarewar, ya rera wani da muryarsa, ya koma ya busa, cikin sauri, har sautukan su sarƙu su zama waƙa guda. Bebey ya ɗauki wannan fasaha da wasu ke rainawa ya kai ta manyan zaurukan duniya, ya kuma haɗa ta da sautin lantarki ba tare da ɗayan ya danne ɗaya ba.

Kiɗan da ke bin hoto

Alaƙarsa da silima ta fara ne ta hanyar rubutu. A farkon shekarun 1970 Daniel Kamwa, ɗan Kamaru, ya shirya gajeren fim mai suna Boubou-cravate daga wani gajeren labari na Bebey, kan wani jami'in diflomasiyya ɗan Afirka da ya rasa inda zai tsaya tsakanin babbar riga da laktaye. Amma aikinsa mafi girma a wannan fage ya zo ne ta hannun Idrissa Ouédraogo, matashin darakta daga Burkina Faso, ƙasar da ke karɓar baƙuncin bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu tun 1969.

Tsara wa fim kiɗa aiki ne da ya sha bamban da yin waƙa. Mawaƙi shi ne mai gida a waƙarsa, yana tsawaita ta yadda ya so. Mai kiɗan fim kuwa baƙo ne a gidan wani. Yana kallon hotunan bayan an tace su, shi da darakta su tsayar da wuraren da kiɗa zai shiga da inda zai fita, a ƙidaya daƙiƙoƙi, sannan ya tsara abin da zai cika wannan gurbi daidai. Idan ya yi yawa ya danne maganar 'yan wasa. Idan ya gaya wa mai kallo abin da zai ji kafin hoton ya nuna, ya ɓata labarin. A wancan zamani yawancin fina-finan ƙasashen Afirka rainon Faransa a Paris ake kammala tace su da haɗa sautinsu, da kuɗi ƙalilan. Makaɗin da ke zaune a birnin, mai situdiyonsa, mai iya kaɗa kayan kiɗa da yawa shi kaɗai, wanda kuma ya san sautin karkara, ya dace da wannan buƙata.

Ouédraogo ya yi suna da rage magana a fina-finansa, domin yana son wanda bai ji harshen Mooré ba ya fahimci labarin daga hoto. Inda magana ta yi kaɗan, nauyin ya koma kan sauti. Fim ɗinsa mai tsawo na farko, Yam Daabo, wanda ya kammala a 1986, labarin wani iyali ne da fari ya addabi ƙauyensu a yankin Sahel. Maimakon su zauna jiran motar tallafin abinci, sai suka ɗaure kayansu suka nufi kudu neman ƙasar noma. Bebey ne ya yi masa kiɗa.

Sai Yaaba a 1989. Kalmar tana nufin kaka a harshen Mooré. Labarin wani yaro ne mai suna Bila da ya ƙulla abota da wata tsohuwa mai suna Sana, wadda ƙauyen ya ware yana kiranta mayya, duk wata masifa da ta faɗo a ɗora mata. Da 'yar uwarsa Nopoko ta kwanta ciwo bayan an yanke ta da wuƙa, tsohuwar da aka tsana ita ce ta yi tattaki ta nemo mai magani, yarinyar ta tashi, amma mutanen ƙauyen sun riga sun ƙona bukkarta. An ɗauki fim ɗin a wani ƙauye kusa da Wahiguya, da mutanen da yawancinsu ba 'yan wasan sana'a ba ne. Kiɗan Bebey a cikinsa kaɗan ne, yana shigowa a hankali ya fita, ya bar wa iska da takun ƙafa da shirun fili wurinsu. Marubucin da ya ce kiɗan Afirka yana tafiya tare da rayuwa ya sami wurin gwada maganarsa a aikace, inda kiɗan ya raka mutanen fim ɗin ba tare da ya sha gabansu ba. Yaaba ya ci lambar ƙungiyar masu sharhin fina-finai ta duniya a bikin Cannes na 1989, aka nuna shi a gidajen silima na Turai da Amurka, kuma ta wannan hanya mutane da dama suka ji kiɗan Bebey ba tare da sun san sunansa ba.

Bayan haka ya yi wa ɗan ƙasarsa Bassek Ba Kobhio kiɗan Sango Malo, labarin wani matashin malamin makaranta da ya je ƙauye da niyyar koya wa yara noma da sana'a maimakon haddar darussan Turawa, ya yi karo da shugaban makarantar da manyan gari. A wannan zamani sauran manyan makaɗan nahiyar su ma sun shiga fagen. Manu Dibango ya yi wa Ousmane Sembène kiɗan Ceddo a 1977, Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu kuma ya yi wa Ouédraogo kiɗan Tilaï, wanda ya ci babbar lambar alƙalai a Cannes a 1990.

Kundin da ke raya aiki

Kiɗan fim yana da wata rashin sa'a. Yana manne da hoto, don haka idan fim ya daina yawo, kiɗan ma ya kwanta tare da shi. A Turai da Amurka an samo wa wannan magani ta hanyar tattara irin waɗannan kaɗe-kaɗe a kundi guda. Mark Knopfler, makaɗin jita na ƙungiyar rok ta Dire Straits a Birtaniya, ya fitar da Screenplaying a 1993, inda ya haɗa kiɗan da ya yi wa fina-finai huɗu: Local Hero da Cal da The Princess Bride da Last Exit to Brooklyn. Ry Cooder na Amurka, wanda ya yi faifan Talking Timbuktu tare da Ali Farka Touré na Mali a 1994, ya fitar da nasa kundin mai faifai biyu a 1995, mai suna Music by Ry Cooder, wanda ya ƙunshi kiɗan fim ɗin Paris, Texas da wasu. Irin wannan kundi yana ba mai sauraro damar jin aikin shekaru a zama ɗaya, yana tabbatar da sunan mai aikin, yana kuma buɗe masa wata ƙofar samun kuɗi.

Kundi ne ma ya dawo da sunan Bebey bakin matasa kimanin shekara goma bayan rasuwarsa. A 2012 kamfanin Born Bad na Paris ya tattara wasu daga cikin ayyukansa na situdiyon gida a faifan African Electronic Music 1975–1982, ya biyo da Psychedelic Sanza 1982–1984 a 2014. Waɗannan kundaye sun fi karkata ga waƙoƙinsa na lantarki da na sanza, kuma sun kai shi ga masu sauraron da ba a haife su ba lokacin da ya ɗauki sautin. A ranar 15 ga Yuli 2013 kamfanin Google ya sanya zanensa a shafinsa na farko domin tuna ranar haihuwarsa. A 2017 ƙungiyar rok ta Arcade Fire daga Kanada ta gina wani sashe na waƙarta Everything Now a kan busar sarewar waƙarsa The Coffee Cola Song, kuma ɗansa Patrick Bebey ne ya busa sarewar. Tun kafin wannan, a 2002, John Williams, fitaccen makaɗin jita haifaffen Ostareliya, ya fitar da faifan The Magic Box, wanda ya ɗauki sunansa daga wani kiɗan Bebey, ya ƙunshi wasu ayyukansa, da kuma wani kiɗa mai suna Hello Francis da Williams ya tsara domin girmama shi.

Abin da ya shafi masana'antar gida

Masana'antar fina-finan Hausa ta bi wata hanya daban. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da kuma bayan nasarar Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, waƙa da rawa irin na fina-finan Indiya suka zama ginshiƙin kasuwa, har ya kasance kaset ɗin waƙa shi ke tallata fim. Fiyano ƙirar Yamaha ta zama kayan aikin situdiyoyin Kano, kuma an daɗe ana muhawara kan ko ta kori kalangu da kukuma da algaita daga kunnen matasa. Bebey ya fuskanci wannan tambaya shekaru da dama kafin nan, amsarsa kuma tana cikin faya-fayansa: ya fara sanin kayan kiɗan gida ciki da waje, ya rubuta littafi a kansu, sannan ya kawo na'ura ta yi musu hidima. A Yaaba kuma ya nuna wani aiki na daban da waƙar da ake tsayar da labari a rera, wato kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin labarin yana ɗaga shi.

Batun ajiya ma yana nan. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa ya ɓace wa masu kallo shekaru masu yawa, sai da aka gano faifansa a rumbun Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Idan fim mai wannan daraja ya kusa salwanta, to kiɗan dubban fina-finan bidiyo da aka ɗauka a kaset da faifan CD yana cikin haɗari mafi girma. Abin da ya ceci aikin Bebey shi ne ya mallaki tambarinsa, aka san abin da ya yi da shekarar da ya yi shi, iyalinsa kuma suka tsaya a kan gadonsa, don haka da masu neman tattarawa suka zo sun tarar da abin tattarawa. Makaɗan situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos, waɗanda sau da yawa sunansu kan wuce da sauri a ƙarshen fim, suna da buƙatar irin wannan tanadi tun suna raye: a rubuta wanda ya tsara kowane kiɗa, a adana asalin sautin, a kuma fayyace haƙƙin mallakarsa a takarda.

Bebey bai daina aiki ba har shekarunsa na ƙarshe. Ya fitar da faifan Dibiye a ƙarshen shekarun 1990, ya ci gaba da hawa dandamali, wani lokaci tare da 'ya'yansa maza, Patrick da Toups, waɗanda dukansu makaɗa ne. Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa a Paris a watan Mayun 2001, saura 'yan makonni ya cika shekara 72. Ya bar faya-fayai fiye da ashirin, da littattafan labari da na nazari, da kiɗan fina-finan da har yau ake koyar da su a makarantun silima. Idrissa Ouédraogo, wanda ya ba shi amanar sautin fina-finansa masu tsawo biyu na farko, ya rasu a Wagadugu a watan Fabrairun 2018.